Sawun Fensir

Ranar Alhamis da safe, saura kwana huɗu mu shiga kotu, na kwance zaren fayil ɗina na tarar wasiƙar mijina ba ta ciki.

Na juya takardun ɗaya bayan ɗaya. Na sake juyawa. A karo na uku zazzage su na yi a kan tebur, na durƙusa ina leƙa ƙarƙashin kabad.

Shekara ɗaya da rabi ke nan da rasuwar mijina. Ya bar ni da 'ya ɗaya mai shekara uku, wadda ya laƙaba wa Aku saboda duk abin da ta ji sai ta maimaita. Sati biyu kafin ya cika, a kan gadon asibiti, ya rubuta da hannunsa cewa a bar masa 'yarsa a wurina, kuma in ƙarasa karatuna. Yayansa bai yarda ba. Ya shigar da ƙara, wai macen da ke yini a aji ba ta iya riƙon yarinya. Da muka nuna kwafin wasiƙar, lauyansa ya ce ni na ƙirƙira. Alƙali ya ce a kawo ta ainihi ranar Litinin, masanin rubutun hannu ya duba. In ba mu kawo ba, ni ce maƙaryaciya, kuma maƙaryaciya ba a bar mata yarinya.

Ina ajin ƙarshe a tsangayar shari'a. Tsangayar tana da ofishin taimakon shari'a kyauta, ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakala, inda ɗalibai ke aikin ƙararrakin marasa hali, wata malamarmu tana duba mu. Malama kawai muke ce mata. Ita ta karɓi ƙarata. Ranar Laraba da ƙarfe ɗaya ni da ita muka ga wasiƙar da idonmu, muka ƙulle fayil, muka rufe ofis, muka tafi babban zaure kallon kotun gwaji da ake shiryawa don Makon Shari'a.

Kafin in gama kiran Malama, ƙofar ofishin ta cika. Ɗaliban shari'a ba sa ganin abu su yi shiru. Kowa ya zama alƙali a tsaye.

"Makulli uku ne," in ji wani. "Na Malama, na Magatakarda, na Inna mai shara."

"Ni dai na ga Inna ɗazu tana ƙona takardu a bayan gini."

Farfesa, wani babban malaminmu, ya ratso taron da jakarsa a hammata. Shi ya riƙe ofishin shekara tara, kafin bara a karɓa a ba Malama. Hotonsa na manne a allon sanarwa, domin gobe Juma'a shi zai buɗe Makon Shari'a da lacca kan sabuwar dokar yara, wadda yake cikin kwamitin rubuta ta. Ya dubi takardun da ke warwatse, ya girgiza kai.

"Takarda ɗaya ta gagari tsaro," ya ce, yadda kowa zai ji. "Gobe da safe kwamitin ladabtarwa zai zauna. Ofishin nan ko a gyara shi ko a rufe."

Ban tsaya jin sauran ba. Sunan Inna kawai ya shiga kunnena. Na zagaya bayan gini da gudu, na same ta tana tura shara cikin wuta da sanda, na cakumi mayafinta. Abin da na faɗa wa matar da ta haifi kamata, ba zan rubuta shi a nan ba. Kafin azahar an karɓe makullinta, an ce ta zauna a gida.

A ranar ba adalci nake nema ba. Mutum nake nema, in ga fuskarsa, in yi masa abin da zai tuna har ya mutu.

* * *

Ina tsugune a bakin toka ina tonawa da hannu, sai na ji an ce, "'Yata, in kin gama ɓata min sawu, ki matsa in duba."

Baba Mai Sawu ne, shugaban masu gadin tsangaya. Dogo ne siriri, yana tafiya kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura. An ce tun yana saurayi yake bin sawun dabbobin da aka sace, daga baya 'yan sanda suka riƙa ɗaukarsa aiki, da ƙafa ta gaji ya dawo gadi. Ɗalibai na tsokanarsa wai yana gane wanda ya faɗi jarrabawa daga yadda yake jan takalmi.

Ya tona tokar da tsinke, ya ɗago guntun takarda, ya shinshina, ya yar.

"Fayil ɗin, a ƙulle kika same shi ko a kwance?"

"A ƙulle, Baba."

"Takarda nawa ce a ciki?"

"Arba'in da ɗaya."

"Guda nawa ta ɓata?"

"Ɗaya. Ita kaɗai."

"To. Inna ta iya karatu?"

Kowa ya san dangwala yatsa take yi a rajistar ma'aikata.

"Matar da ba ta bambance takardar kotu da takardar magani," ya ce, "ta buɗe kabad, ta zaɓi fayil ɗaya, ta zare takarda ɗaya cikin arba'in da ɗaya, ta mayar da zare ta ƙulle. Lallai Inna ta kusa zama lauya. Ku da kuke biyan shekara biyar sai ku koma shara."

Kunya ta rufe ni, amma ba ta kashe wutar da ke cikina ba, juya ta kawai ta yi.

"To waye, Baba? Ka nuna min shi kawai."

"Shi ya sa ba zan nuna miki ba sai na tabbata. Kin riga kin ci mutum ɗaya yau. Zo mu je, amma bakinki a rufe, hannunki a bayanki."

* * *

Wata 'yar ajinmu ce ta tare mu a matakala, tana haki. Ta ce ranar Laraba da safe ta ga Magatakarda a bakin ƙofar shiga yana magana da wani mai furfura a gemu, mai mota ruwan toka. Motar yayan mijina ke nan.

Muka sami Magatakarda a ɗan ofishinsa yana buga jadawalin Makon Shari'a. Gajere ne mai tumbi, makullansa a rataye a wuya da igiyar takalmi. Yana ganinmu ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Maman Aku, wallahi..."

"Ba a tambaye ka ba tukuna," in ji Baba. Ya ɗaga kujerar, ya zauna a kai. "Mai mota ruwan toka. Me ya kawo shi?"

"Cewa ya yi in bar shi ya leƙa fayil ɗin. Wai shi kawun yarinya ne, yana da haƙƙi. Na ce masa haƙƙinsa yana wurin lauyansa. Ya zage ni, ya ce ɗan abin da nake taƙama da shi makulli ne. Na ce ai kuwa shi ne ba ka da shi."

"Me ya hana ka faɗa da safe?" na ce. Na manta da maganar rufe baki.

"Na ga abin da kika yi wa Inna a kan hayaƙi kawai. Ni da aka gan ni da mutumin, ai sai gawata."

Baba ya danne dariya. "Daga ƙarfe ɗaya zuwa tashi, kana ina?"

Nan take Magatakarda ya gyara tsayuwa. "A zaure! Ni ne magatakardan kotun gwaji. Ni nake buga ƙofa sau uku in ce a miƙe. Maman Aku ma tana wurin, ta ji muryata. Ko fitsari ban fita ba, mutum ɗari za su shaida. Da aka tashi kuma tare muka fita da kai, Baba, kai ka rufe babbar ƙofa."

Gaskiya ne. Awa huɗu yana gabana cikin baƙar riga da ta yi masa yawa, makullan na lilo a ƙirjinsa.

Da muka fito na ce, "To yayan mijina ne ya turo wani."

"Na sa an duba min littafin baƙi, na tambayi masu gadin ƙofa. Bai wuce bakin titi ba, kuma babu baƙon da ya shigo bayansa. Ɓarawonki ɗan gida ne, 'yata. Kai ni in ga fayil ɗin."

* * *

Malama na zaune a ofis, idanunta sun yi ja. Ta riga ta tattara takardun. Ta ce za ta roƙi alƙali ya ɗaga zama, amma daga muryarta na san ba ta sa rai.

Baba bai dubi ƙasa ba. Ya ce siminti ne, kuma ƙafa hamsin ta taka shi tun safe. Ya buɗe fayil ɗin, ya sa yatsa a cikin lanƙwasar kwalin, ya ɗago wani ɓurɓushi baƙi-baƙi.

"Wa yake aiki da fensir a nan?"

"Babu," in ji Malama. "Na hana. Takardar kotu ba a taɓa ta da fensir. Ni da jan biro nake gyara, kuma a kan kwafi."

"Wannan kuwa dusar magogi ce. An yi rubutu an goge."

Ya kwashi takardun ya tsaya a bakin taga. Ya riƙa ɗaga kowace a karkace, hasken rana na kwanciya a kanta, yana runtse ido ɗaya. Ya yi ta yi har na ƙosa. A ta goma sha bakwai ya tsaya.

"Ni ban iya karatunku ba, amma na iya lamba. Zo ki gani."

Takardar bayanin da za mu gabatar ce, ni na buga ta da hannuna. A layi na shida na rubuta cewa muna dogara da sashe na 69, wanda ke magana kan riƙon yaro bayan rasuwar uba. A cikin hasken na ga an ja layi a kan 69, an rubuta wata lamba a gefe, sannan an goge. Baƙin fensir ya tafi, amma bakinsa ya bar rami a takardar: 74.

"Wannan ai shirme ne," in ji Malama. "Sashe na 74 maganar aikatau yake yi. Ɗan aji biyu ma ya san riƙo 69 ne."

"Ɓarawo ya shigo yana sauri," in ji Baba a hankali, kamar da kansa yake magana. "Yana neman takarda ɗaya. Amma ya tsaya, ya ciro fensir, ya gyara wa mai kaya rubutu. Ya tuna inda yake, ya goge. Shekara arba'in ina bin ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya shiga garke ya tsaya cire wa saniya kaska ba."

Ya ce Malama ta sa takardar a ambulan ta riƙe a jikinta, kada ta gaya wa kowa.

* * *

Sauran yinin, Baba ya zama wawa da gangan. Na bi shi daga nesa ina kallo. Ya tare ɗalibai a gindin bishiya, ya ce jikarsa ce mijinta ya mutu, wane sashe ne ke maganar riƙo? Suka haɗa baki: sittin da tara. Ya tambayi mai kula da laburare, ta buɗe littafi ta nuna masa: sittin da tara. Ya tambayi malamai biyu a ɗakin shan shayi, ɗaya har ya ƙara masa da laccar minti goma. Duk sittin da tara.

Daga nan ya je ya tsaya a gaban allon sanarwa, hannu a baya. Ya daɗe. Ya kira wani ɗalibi ya karanta masa duk abin da ke manne, daga jadawalin kotun gwaji har sanarwar laccar gobe. Ya sa aka maimaita masa ta ƙarshen.

"Baba, ka gano?" na ce.

"Lokacin ɗauko Aku ya yi. Je ki."

"Ka gano. Na gani a fuskarka."

"In na gaya miki yanzu, kafin magariba kin fasa ƙofar wani, shi kuma ya cinna wa takardar ashana. Yanzu tana nan da ranta. Mutanen gidan nan ba sa yaga takarda, ajiyewa suke yi. Ki bar shi ya kwana yana ganin ya tsira."

Na ɗauko Aku daga makarantar reno. A hanya ta riƙa ja min gyale tana cewa, "Kotu! A miƙe!" yadda ta taɓa jin Magatakarda na yi a tsangaya. Na yi mata wanka, na ba ta abinci, na tsefe mata kai. Ina tsifar ina lissafin kayanta da za a ce in haɗa a jaka ranar Litinin: rigunan makaranta biyu, maganin tarinta, bargon da ba ta barci sai da shi. Wa zai gaya wa matar kawunta cewa ba a ba ta madara da sanyi? Na ja gashin da ƙarfi ban sani ba, ta yi ƙara. Na rungume ta na ba ta haƙuri.

* * *

Juma'a da ƙarfe tara muka taru a ɗakin taron tsangaya. Shugaban tsangaya a kujerar tsakiya, Farfesa a damansa a matsayin shugaban kwamitin ladabtarwa, jakarsa a kan cinya. Malama da Magatakarda a gefe guda. Inna a can ƙarshe, ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa, ko kallona ba ta yi ba. Baba ne ya dage sai an kira ta.

Farfesa ya yi magana minti ashirin a kan sakaci. Bai ambaci wasiƙar ba sai sau ɗaya, ya kira ta "wata takarda". Ya rufe da shawarar a dakatar da Malama, a rufe ofishin har a sami "hannun da ya san aiki". Ya duba agogo, ya ce baƙinsa za su fara isowa ƙarfe biyu, har da manyan alƙalai.

"Ranka ya daɗe, a ba mai gadi minti biyar," in ji Baba.

Shugaba ya ɗaga masa hannu.

"Inna ba ta karatu, ta fita. Magatakarda yana zaure yana ihu, ya fita. Malama tare suke da mai kaya, kuma wuyanta ne a kan wuƙa. Makulli uku, mutum uku, duk sun fita. To ni dai ina nan aka sa ƙofar nan, kuma makulli huɗu kafinta ya miƙa. Magatakarda, da aka canza shugaban ofis bara, an canza makulli?"

"An rubuta takardar neman canji," in ji Magatakarda. "Tana... tana kan teburin Shugaba."

Shugaba ya yi tari. Farfesa ya yi murmushi.

"In ni kake nufi, malam mai gadi, makullin nan ya ɓata tun bara. Zato ba hujja ba ne. Ka tambayi ɗaliban aji ɗaya."

"Wane ni, ranka ya daɗe. Ni neman ilimi nake. Wannan sabuwar doka da za ka yi mana bayani yau, an ce har ta bazu a gari, kowa ya karanta."

Murmushin ya ɗauke. "Ƙarya ne. Daftarin sirri ne. Mu bakwai muka rubuta, shida suna babban birni. A ginin nan babu idon da ya gan shi sai nawa, kuma ba ya rabuwa da jakar nan."

"To, ni dai yaran nan sun karantar da ni jiya." Baba ya gyara murya, ya ɗaga yatsa kamar mai lacca. "Sun ce a tsohuwar doka riƙon yaro sashe na sittin da tara ne. A sabuwar kuwa, wadda Farfesa ya rubuta, an mayar da shi sashe na saba'in da biyu. Saba'in da biyu, ƙaramin sashe na..."

"Saba'in da huɗu," in ji Farfesa.

Bai ma ɗago kai ba. Haka yake yi mana a aji: kafin ka rufe baki ya gyara maka, ko da gaisuwa ce.

Malama ta zaro ambulan daga jakarta, ta tashi ta kai wa Shugaba takardar, ta ja shi bakin taga, ta karkata masa ita. Na ga leɓensa na motsi yana karanta ramin fensir.

"Mutum ɗaya ne a ginin nan ya san lambar nan," in ji Baba. "Da bakinsa ya faɗa. Kuma mutum ɗaya ne ba zai iya ganin kuskure ya wuce ba, ko da sata ya zo yi."

Farfesa ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Lauya ne, bai faɗi nan take ba.

"A ce na leƙa fayil. A ce hannuna ya yi abin da ya saba. Wannan ya nuna na karanta, bai nuna na ɗauka ba. Kuma babu mai taɓa jakata sai da takardar izinin bincike daga kotu."

Gaskiyarsa ce, shi ya koya mana. Na ga Shugaba ya fara laushi, yana neman hanyar da za a tashi lafiya. Sai na miƙe. Na ɗauki kujerata, na kai ta bakin ƙofa, na jingina da ita, na zauna, na ciro wayata.

"Ranka ya daɗe, haka ne. Yanzu zan kira 'yan sanda in shigar da ƙarar satar shaidar kotu. Malama za ta je ta nemo izinin bincike, ba zai wuce awa huɗu ba. Ni kuma ina nan. Jakar nan ba za ta fita ba sai ta kaina. Wajen ƙarfe biyu 'yan sandan za su iso, tare da manyan alƙalanka. Sai a buɗe a gabansu, su ma su ƙaru."

"Wannan tsare mutum ne ba bisa ƙa'ida ba!"

"Ka kai ni ƙara. Kai kana iya fita, jakar ce ba ta fita."

Daga ƙasa Inna ta ce, "Ni ma ina nan." Ta jawo jiki ta zauna kusa da ƙafata, har yanzu ba ta dube ni ba.

Shugaba ya dafe goshi. "Farfesa, don girman Allah, buɗe jakar nan."

Ya buɗe. Wasiƙar tana tsakiyar takardun laccarsa, cikin leda, ko lanƙwasa babu. Shuɗin biro, rubutun mijina da ya karkace saboda allurar ruwa a hannunsa. Na karɓa da hannu biyu. Na koma kan kujera.

"Da ma zan mayar ranar Talata," in ji Farfesa, yana kallon Shugaba, ba ni ba. "So nake a ga yadda ofishin ya lalace tun da aka ba yarinyar da na koyar. Fayil ɗin da ya fi kusa da ranar zama kawai na ɗauka. Ban ma san na waye ba."

Da ya ce yayan mijina ne ya roƙe shi, da na fi samun sauƙi.

Kafin in fita na durƙusa a gaban Inna, gwiwa biyu, a gaban kowa. Ta bar ni a durƙushe har sai da gwiwata ta yi zafi. Sannan ta ce, "Tashi, 'yar nan. Ki sayo min mayafi, kin yaga wancan."

* * *

Ba a yi laccar ba. An manna sanarwa cewa mai jawabi ba ya jin daɗi.

Ranar Litinin masanin rubutu ya gwada wasiƙar da takardun aikin mijina, ya ce hannu ɗaya ne. Alƙali ya bar min 'yata. Kawunta zai riƙa ganinta duk ƙarshen wata, kuma ban ƙi ba, jininsa ce.

Ranar Talata Shugaba ya kira ni. Ya ce Farfesa ya yarda ya tafi hutu a hankali, ba hayaniya. Ya ce mutum ne mai shekara talatin a aiki, mai iyali, kuma sunan tsangaya abin dubawa ne. Tunda Allah ya sa ban rasa komai ba, in yi haƙuri in rufa asiri.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka makara. Da safe na kai ƙorafina hukumar ladabtar da lauyoyi, sun buga hatimi, sun sa ranar ashirin ga wata za a zauna. Saura in miƙa masa kwafinsa hannu da hannu."

Na sami Farfesa a ofishinsa yana zuba littattafai a kwali. Baba Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa a matsayin shaida. Aku na riƙe da yatsana, da rigar makaranta da 'yar gorar ruwanta a wuya.

"Ka ce ba ka san na waye ba," na ce. "To ga mai shi. Aku, gaishe da Kaka."

Ta rusuna yadda na koya mata. "Ina kwana, Kaka."

Farfesa ya dubi kwali, ya dubi taga, ya dubi ko'ina ban da ita. Na ajiye takardar a kan teburin, na ɗora biro a kai, na nuna masa layin da zai sa hannu. Sai da ya gwada sau biyu kafin biron ya kama.

Muna saukowa matakala Aku ta ja hannuna.

"Mama, Kakan nan kuka zai yi?"

"Ba yau ba," na ce. "Ranar ashirin ga wata."